Darbejiyar Saje

Tun ranar da tifa ta juye bulo a bakin gonarmu ban ƙara zama wuri ɗaya ba. In na zauna a tabarma sai in ji kamar cinnaka na cizona, in tashi in leƙa zaure, in dawo, in ɗauki tsintsiya in share inda aka riga aka share. Surukata har ta fara cewa ko jinina ne ya hau. Ba jini ba ne. Magana ce ta tsaya mini a maƙoshi, kuma tunda ɗana ya ƙi zama ya ji ta da kunnensa, to a rubuta ta, ya karanta, shi da ƙannensa da 'ya'yansu. Ban shiga aji ba, amma abin da idona ya gani yana nan inda na ajiye shi.

Sani, ɗana na biyu, mai sayen hatsi a Babura, shi ne ke so ya zagaye gonar da katanga, ya sare layin darbejiyar da ke gabas, ya haƙa burtsatse ya dasa mangwaro. Gonar tawa ce, gadon ubana, ƙannena maza sun bar mini kasonsu kafin Allah ya yi musu rasuwa, amma Sani ne ke noma ta. Ban ce ba shi da dalili ba. Bara shanu sun faɗa masa cikin wake tun ba a yi roro ba, na kuma ga fuskarsa ranar. Sai dai da na ce masa inuwar nan da karan gonar nan haƙƙin shanun Fulanin gidan Jibo ne, ya dube ni ya ce:

"Haba Inna, wane haƙƙi? Kowa ya san Bature ne ya ba Kaka gonar nan ladan yaƙi. Babu hannun kowa a ciki."

Ƙaryar nan ta yi furfura a garin nan. 'Yan gari sun faɗe ta don su ce mu 'yan ƙwace ne, na kau da kai. Yau ga ta a bakin ɗana yana taƙama da ita. To ku saurara.

Ubana Bukar, Babarbare ne, da zanensa a kumatu. Tun yana yaro ya baro gabas, bai taɓa faɗa mana me ya fito da shi ba, mu kuma ba mu ga fuskar tambaya ba. A bariki ya girma, ya shiga sojan Turawa har ya kai saje, aka zuba su a jirgin ruwa aka kai su yaƙin Bama. Ya dawo da akwatin ƙarfe ɗaya, da kaki, da lambobi, da ƙafa mai ƙaiƙayin tafiya. Da aka sallame shi muka zauna Kano, ya ce hayaniya ta yi yawa. Muka koma Kazaure ya yi gadin kanti, ya ce mai kantin ba ya amsa sallama da kyau. Muka yi Babura, muka yi Roni. Ko'ina damina ɗaya, in an daɗe biyu. Wani ya yi masa kallon da bai so ba, ko kuwa babu abin da aka yi masa sam, sai ya shigo gida ya tsaya a tsakar gida kamar sanda ya ce:

"A ɗaure kaya."

Mahaifiyata, Iya, 'yar marina ce daga cikin birnin Kano. A duk yawon nan abu ɗaya ta roƙe shi, randa. Ya hana. Ya ce randa ba ta hawa jaki. Da tulu muka rayu, ruwanmu kullum da ɗumi, ni kuwa na tashi ina ganin duk gidan da ke da randa binne a ƙasa gidan sarauta ne.

Ranar da muka iso ƙauyen nan, tsakanin Roni da Gwiwa, ba zama muka zo yi ba, ruwa muka tsaya sha. A bakin rijiya muka tarar da wani dattijo siriri yana shayar da shanu. Shi ne Jibo, Bafulatanin da ya daɗe da ajiye yawo ya haɗa noma da kiwo. Ya ƙare wa fuskar Baba kallo, ya ga zane, sai ya washe baki.

"A'a! Yau ga bawana ya kawo kansa. Babarbare, wa ya kwance ka?"

Gabana ya faɗi, don na san Baba. Amma kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowa na cewa ɗaya bawansa ne, kuma ba a fushi. Baba ya gyara tsayuwa ya ce:

"Wani bawa nake nema da ya gudar mini, ramamme, mai bin wutsiyar saniya. Ashe nan ka ɓuya."

Suka yi ta yi har shanu suka gama sha. Iya ta ce tun dawowarsa daga yaƙi ba ta ji dariyarsa ba sai ranar. Kafin la'asar Jibo ya kai shi gaban mai unguwa, ya ba shi aron saurar da ke gabas da gari, ya ce bawa ba ya kwana da yunwa ubangidansa na da ƙasa.

Aro fa aka ce. Kuma a ƙasar nan ko yaron da bai yi kaciya ba ya san dokar gonar aro: ka shuka abin da za ka girbe, ba ka haƙa rijiya, ba ka dasa itace. Wanda ya dasa itace ya ce ƙasar tasa ce. Ba wanda ya faɗa wa Baba, don wa zai tsaya yana gaya wa mai gemu cewa wuta na ƙuna? Shi kuwa a bariki ya tashi, inda duk wurin da aka sauka sai an ja igiya an jera itatuwa. Iya 'yar birni ce, ba ta san kan gona ba. Yana da wani gwangwanin taba cike da 'ya'yan darbejiya da ya tsinto a bariki. Da ruwa ya sauka ya ja igiyarsa a gefen gabas, ya auna da taku, ya binne su a layi ɗaya miƙe kamar sojoji a fareti. Ni ce mai ba su ruwa. Ruwan wanke-wanke, ruwan alwala, duk a tulu nake kaiwa. A lokacin mutanen nan ba su san itacen ba. Ya ce musu maganin zazzaɓi ne, mata suka riƙa tsinkar ganye suna dafa wa yara, yara na ihu don ɗaci. Kowa ya ɗauka ɗan tsiro ne irin na magani, rani zai kashe shi.

Rani bai kashe shi ba. Damina ta biyu ya wuce kan namiji. A shekarar ce kuma Iya ta tara kuɗin kaɗin audugarta, ta faki idon Baba ranar kasuwa ta sayi randa, muka haƙa rami a gindin ɗaki muka binne ta har wuya. Da ya dawo ya gan ta. Ya zagaye ta sau ɗaya, ya ɗauki moɗa ya sha, ya wuce. Ni da Iya muka kalli juna.

Gero ya fara fitar da kai sa'ad da Buba, babban ɗan Jibo, ya dawo daga kiwo a kudu. Shi ya ga darbejiya a garuruwa, ya san girman da take yi. Ya zo gona da ƙannensa, sanduna a kafaɗa, ina tsugune ina cire ciyawa. Shi bai zo da wasa ba.

"Saje, aro aka ba ka ko gado?"

"Aro," in ji Baba.

"To wannan fa?"

"Inuwa ce na shuka."

"A nan ba a shuka inuwa a ƙasar wani. Ka ci geronka, ba mai taɓa maka. Amma in an yi girbi ka san inda ka nufa."

Baba ya juya. Ya saɓa fartanya muka yi gida, ina gudu-gudu a bayansa. Ya tsaya a inda ya saba tsayawa ya ce a ɗaure kaya, yau ba gobe ba, geron ma ya bar musu. Iya tana tankaɗe. Ta ajiye rariya, ta tashi ta je ta zauna a gindin randa, ta dafa bakinta.

"Saje, na bar murhu a Kano, na bar murhu a Kazaure, na bar a Babura, na bar a Roni. Ni abin da na shuka a duniya ke nan, duwatsun murhu. Wannan randar ba ta ɗaukuwa. Ni ma haka."

"Ni kike gaya wa?"

"Kai nake gaya wa. Ka ɗauki akwatinka, ai shi ne matarka ta fari."

Ban taɓa jin ta mayar masa ba sai ranar. Ya ɗaure akwatin shi kaɗai, ya jawo shi bakin ƙofa, amma bai fita da shi ba. Kwanaki yana safa da marwa tsakanin zaure da tsakar gida, tuwo na sandarewa a kwano.

Ana cikin haka sai ga Kofur Tanko a kan keke. Tare suka yi yaƙi, shi kuwa ya samu aikin masinja a ofishin Di'o, Baturen da ke mulkin ƙasar daga Kazaure. Labari ya kai masa. Ina kawo musu fura na ji yana cewa:

"Saje, kai ma da abin dariya. Mu da muka tsallake teku, mai tatsar nono zai tayar da kai? Sa kakinka, maƙala lambobinka, ka zo ranar Juma'a. Bature na ganin ƙirjinka zai ce gona taka ce. Ana ma neman wanda zai riƙe ƙofar ofis, na riga na ambace ka. Ga gona, ga albashi."

Da ya tafi Iya ta leƙo ta ce ita dai ba ta son gonar da za a riƙa tofar da yawu in an wuce ta. Baba ya ce tunda ba ta son tafiya ba ta son gona, sai ta faɗi abin da take so. Ta ce zama. Ya ce zama a kan me, a kan iska?

Ranar Juma'a da hantsi ya fito da kaki, ya goge shi da gindin kwano mai garwashi, ya shafe takalma har suna ɗaukar ido, ya jera lambobi. Ya fita ta bakin rijiya, daidai lokacin da rabin matan gari ke ɗiban ruwa, ya kama hanyar Kazaure. Abin da gari ya gani ke nan, kuma a kansa aka gina ƙaryar. Iya ta tura mini gora ta ce in bi shi da ruwa. Na bi shi har gindin dutsen nan inda hanya ta rabu, inda yanzu masu babur ke tsayawa. Nan ya ja ya tsaya. Ya daɗe, gumi na bin zanen fuskarsa. Ya karɓi gora ya sha, sannan ya yi magana, ba da ni ba, da hanya:

"Na ga Turawan nan suna mutuwa, na ga suna gudu. Mutane ne, wata rana gida za su koma. In sun tafi wa zai amsa sallamata? Takarda ba ta ɗaukar makara."

Sai ya juya ya bi bayan dutse, ya faɗa burtali, hanyar shanu, wadda ke ɓullewa ta bayan gidan Jibo. Ba wanda ya gan mu. Matan gidan suna hango kaki suka watse, yara suka sa kuka, Buba ya rarumo sanda. Baba bai sa kakin don tsoratarwa ba. Shi ne kaɗai tufafin girma da ya mallaka, a wurinsa kuwa ba a zuwa gaban babba da rigar noma. Ya tsaya bakin shinge ya kwance takalman nan, ya taka ƙasa da ƙafa, ya je gaban Jibo da ke zaune a kan buzu. Ya tsuguna. Ubana, wanda ko gaban hakimi tsaye yake gaisuwa da hannu a goshi.

"Malam Jibo, ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Itatuwan na ba ka, naka ne."

Jibo ya dube shi. Babu bawa, babu ubangida ranar.

"Na yarda ba ka sani ba, Saje. Amma bakina da bakinka ƙasa za ta ci. Itace ne zai tsaya. Wata rana jikanka zai nuna shi ya ce kakansa ya shuka, jikana kuma ba shi da abin nunawa."

Baba ya ɗaga kai ya ce:

"A ba ni gatari."

Da tsakar rana, ana can ana sallar Juma'a a Roni, ya bi layin nan ɗaya bayan ɗaya, cikin kaki, lambobi na kaɗawa a ƙirjinsa. Ni da na yi daminu biyu da rani ina ɗaukar musu ruwa har wuyana ya ƙage, na zauna a kan kunya ina kuka, bai ko waiwaye ni ba. Buba na tsaye har na ƙarshe ya faɗi. Jibo ya ce a bar maganar tashi sai a ga abin da Allah zai yi, Buba kuwa ya ce shi bai janye ba.

Kofur Tanko ya jira har ya gaji, ya ji kunya gaban Bature, bai ƙara tako gidanmu ba. Aikin ƙofa aka ba wani, wanda daga baya ya yi gidan kwano, 'ya'yansa suka yi boko. Mu muka ci geronmu, muka shiga rani ba mu san matsayinmu ba. Akwatin na nan a ɗaure bakin ƙofa, kullum sai mun tsallake shi. Iya ta daina yi wa randa cikawar kirki, wai kada ta saba.

Sai kututture suka yi toho. Ba ɗaya-ɗaya ba, kowanne biyu, uku, kore shar, a lokacin da ko akuya ba ta samun abin tsinka. Baba ya gani ya tsorata, kada a ce da gangan ya bar saiwa. Ya sare. Suka dawo. Ya sake sarewa har da tone gefe, suka dawo sun fi da yawa. Cikin bazara, ya ɗauki gatari karo na gaba, ni ina biye, sai ga Jibo ya ɓullo da shanu. Ya jingina da sandarsa yana kallon Baba na sara yana haki, can sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Kai bawan nan, ajiye gatarin! Taurin kan Barebari har itacensu? Na ba ka ƙasa ka ƙi zama lafiya, na kore ka itacenka ya ƙi tafiya."

"Ai ya ga ubangidansa ne yana nan," in ji Baba. Ya mayar masa da wasan.

Washegari Jibo ya tara mai unguwa da liman da 'ya'yansa a gindin kututturen nan. Ya ce ya ba Saje gonar kyauta, shi da zuriyarsa. Amma da sharaɗi: in an kwashe amfani, kara na shanunsa ne, inuwar itacen nan ta shanunsa ce, taki kuwa na mai gona. Liman ya ce har yaushe? Jibo ya ce tunda mutane mutuwa suke, a sa wanda ya ƙi mutuwa ya zama shaida: muddin itacen na kore.

"Ƙasa taka, inuwa tawa," ya ce da Baba.

Aka shafa fatiha. Buba ya shafa yana ɗaure da fuska, amma ya shafa.

Gari kuwa ya haɗa nasa lissafin. An ga kaki ya kama hanyar Kazaure, an ga gona ta zama tamu, sai aka ce dole aka yi wa Jibo. Baba girman kai ya hana shi cewa ya tsuguna. Jibo kunyar Fulani ta hana shi cewa an tsuguna masa. Suka tafi da maganar su biyu, suka bar mu da sunan 'yan ƙwace. Iya ta kwance akwatin ta zuba kuka da daddawa a ciki, kakin ta yanka ta yi wa ƙannena riguna. Baba bai yi arziki ba, ƙafarsa kuma ba ta daina ƙaiƙayi ba. Har ya tsufa kullum da safe sai ya bi layin darbejiya daga wannan kai zuwa wancan, hannu a baya, yana duba su kamar masu laifi, wani lokaci ya tsaya ya daɗe yana kallon gabas. Amma bai sake cewa a ɗaure kaya ba. Ranar da ya rasu, Buba ne a gaban makara, da furfurarsa, ya ƙi bari a karɓe shi har bakin kabari.

Sani, kai da ka karye hannu a kan itatuwan nan kana yaro, je ka dube su. Ka nuna mini ɗaya mai gindi guda. Kowanne daga ƙasa ya rabu biyu ko uku. Wannan ba aikin Bature ba ne, sawun gatarin kakanka ne. Ban hana ka kare wakenka ba. Ka ja waya da damina, ka je gidan Jibo ka zauna da jikokinsa ka faɗa musu ɓarnar bara ido da ido, su ma suna da kunya. Ka yi katangarka yamma da kudu da arewa, ka dasa mangwaronka. Gabas ba taka ba ce.

Jiya magini ya zo da igiya zai fitar da layin tushe. Na riga shi, na sa an kai mini kujera gindin darbejiya ta tsakiya.

"Hajiya, ta nan igiya za ta bi."

"To ta bi ta kaina."

"Hajiya, Alhaji ne ya ce."

"Alhajin ni na yi masa wankan jego. Naɗe igiyarka."

Ya naɗe, ya koma gefe yana buga waya. An ce Sani na tafe in an tashi daga kasuwa. Dawa ta nuna, kwana kaɗan ya rage a yanke, shanun gidan Jibo kuma sun san hanya ba sai an kora su ba.

Akwatin ƙarfen yana nan. Da safen nan na sa an jawo shi daga ƙarƙashin gado, na karkaɗe shi, na jera zannuwana a ciki, na ajiye shi bakin ƙofa inda kowa zai tsallaka. Tun da aka kawo ni ƙauyen nan ban kwana a wani gari da niyyar zama ba, ni 'yar mai randa ce. Amma ni 'yar Saje ce kuma. Ranar da bulo ɗaya ya hau gabas, zan tsaya a tsakar gidan nan in faɗi abin da ubana ya daina faɗa, in bi burtali, in cire takalmina a bakin shingen gidan Jibo, in roƙi aron ɗaki.